Cikin Aro

Zuwa ga ɗan Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida maiɗakinka da 'yar jaririyar da har yau a hoto kawai na san ta. Ni dai da sauƙi. Gwiwar hagu ce ke mulkina, ran da ta ga dama mu tafi aiki tare, ran da ba ta ga dama ba in ja ta.

Na ji ƙungiyar ƙwadagonku ta tura ka kwas ɗin dokar aiki da haƙƙin ɗan Adam, wai in ka gama za a ba ka kujerar sauraron koken ma'aikata. Allah ya sa albarka. A bakin babarka na ji fa, ba a bakinka ba. Na san dangantakarmu sai an zauna an warware ta, tunda ni da babanka kakanninmu ne wa da ƙane, amma bayan nan nawa ne ya goya ka shekarar da babarka ta yi jinya. Kada ka ce in kira ka a waya. Wayoyinmu a bakin get ake karɓewa, kuma a waya katse ni kake yi. Takarda ba ta katse mutum.

Abin da ya sa na ɗauki biro, raina ne a ɓace. Ka san inda nake aiki, kamfanin wankin zannuwan gado da tawul na otal-otal. Ni ina ɗakin guga, inda babban injin nan yake, mu biyu-biyu muke kama bakin zane mu tura masa. Ɗakin ƙofa biyu gare shi. Ta gaba sai ka bi ta gefen tukunyar tururi, ta baya kuwa fili take fita. To tun da aka ce tawul na ɓacewa, shugaban sashenmu ya danna wa ta bayan kwaɗo. Makullin yana wuyansa, ya zura shi a jar igiyar takalmi kamar laya, shi ya sa muke ce masa Mai Makulli.

Zafi dai mun saba. Amma kwanan baya wayar wuta ta yi tartsatsi, hayaƙi ya cika ɗakin, muka ruga ƙofar baya muna dukanta, shi kuwa gogan yana can yana cin abinci da makullinsa a ƙirji. Ta gefen tukunyar muka fita, muna tari muna tattake juna. Washegari da na yi magana, cewa ya yi ai ba wanda ya mutu. Wato sai mun ƙone sannan a san tawul bai kai mutum ba.

Tunda kai ne mai karatun haƙƙi, ga shi nan na zube maka. Ka san yadda za ka yi da shi.

Goggonka

*

Goggo,

Na durƙusa na gaishe ki. Saƙonki ya same mu lafiya, jaririya har ta fara zama. Gwiwar nan ki daina raina ta, ki je a duba. Laifin shiru kuma na karɓa, ba ni da bakin kare kaina.

Goggo, abin da ake yi muku haramun ne a dokar aiki. Ƙofar gudun ceton rai ba a kulle ta da mutane a ciki, ko zinariya ce ke ɓacewa. Kuma ki riƙe wannan saboda gaba: duk wanda aka sallama don ya yi ƙorafi, yana da damar kai ƙara ofishin ƙwadago, sai dai akwai wa'adi, in ya wuce ya wuce.

Bari in ba ki labarin kwas ɗin, don kina ciki. A wani ɗaki muke a hawa na biyu, an zagaya da tebura, sanyin na'ura har sai mutum ya sa rigar sanyi. Rabinmu 'yan ƙungiyoyin ƙwadago ne, rabi jami'an kula da ma'aikata na kamfanoni, an cakuɗa mu da gangan don mu saba da juna. Malamarmu tsohuwar lauya ce, ba ta dariya sai da dalili. Ranar farko ta sa muka sa hannu a kan ƙa'ida biyu. Ta ɗaya, abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan zai tsaya. Ta biyu, in za ka kawo labarin gaske a yi darasi da shi, sai ka sauya kamannin mai labarin yadda ba mai gane shi.

Wasiƙarki ta zo daidai lokacin da layi ya zo kaina. Sai na kai maganarku. Kada ki damu, ko ke ba za ki gane kanki ba. Na cire miki shekaru, na cire gwiwa, na mayar da ke yarinya mai kwantiragin wucin gadi, sannan na ba ki cikin fari da kike ɓoyewa don tsoron kora. A makon muna kan kariyar da doka ta ba masu juna biyu, sai na ga jifa ɗaya tsuntsu biyu. Jar igiyar takalmin ce kawai na kasa cirewa, ta yi daɗi da yawa.

Da na kai wurin da mai ciki ke dukan ƙofa cikin hayaƙi, ɗakin ya yi tsit. Malama ta ce tun da aka fara ba a kawo misali mai rai irin wannan ba. Wani mai tabarau daga ɓangaren kamfanoni har shayi ya saya mini a lokacin hutu, yana ta tambayoyi, ya ce labarin ya taɓa shi.

Kin ga ɗanki bai kunyata ki ba. Direban da ke kai muku kaya zan ba wannan, ya ce yana da tafiya kafin ya biyo ta wajenku.

Ɗanki

*

Ɗan Yayana,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka shiru ba mantuwa ba. Ni gwiwa ta lafa, zuciya ce ta karɓe ta. Ban ga amsarka ba, amma ba zan iya jira ba, in ban faɗa wa wani ba fashewa zan yi.

An buɗe ƙofar baya. Wani mai tabarau ya zo daga babban ofishi, ya sa aka cire kwaɗon a gabanmu, ya karɓi jar igiyar daga wuyan Mai Makulli ya jefa a aljihu. Muka yi ta murna kamar wawaye. Sai ya tara mu, da murya mai laushi, ya ce kamfani na mutunta haƙƙin ɗan Adam, duk mai juna biyu ta fito a sauƙaƙa mata aiki. Ba wadda ta motsa. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Ban taɓa ba ka labarin abokiyar kama zanena ba. Yarinya ce, 'Yar Shiru muke ce mata, don sai ta wuni ba ka ji muryarta ba. Inna take ce mini. Tana kan kwantiragin wucin gadi, saura ƙiris a tabbatar da ita, mijinta kuma yana zaune tun da aka rufe garejinsu. Ciki gare ta, na fari. Ni kaɗai na sani, don ni na same ta tana amai a bayan kekunan tura kaya. Ta kama hannuna ta ce in rufa mata asiri har a tabbatar da ita. Na rantse mata. Da hannuna na farke rigar aikinta na ƙara mata faɗi.

Da mai tabarau ya ga ba wadda ta fito, sai ga shi an kawo tela mace da tef, wai za a ɗinka mana sababbin riguna. Aka jera mu, Mai Makulli na tsaye yana rubuta awo. Baiwar Allah telar nan ba ta san komai ba. Ta zagaya tef a ƙugun yarinyar, ta ɗago ta dube ta, ta yi murmushi ta ce, "Allah ya sauke ki lafiya, 'yata." Shi ke nan. Da wata ya ƙare aka ce aiki ya ragu, ba za a sabunta mata ba. Aikin da ya ragu, mako bai zagayo ba aka kawo wata a gurbinta. Rigunan kuma har yau ba mu gan su ba.

Ran da za ta tafi ta tsaya a gabana da 'yar jakarta. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Inna, ke kaɗai na gaya wa." Na rantse, na maimaita, ta juya ta fita ta ƙofar da aka buɗe.

Mutumin nan da saninsa ya zo. Mai ciki ya zo nema tun daga babban ofishi. Wani munafuki ne ya kai magana, kuma ban san ta ina ya ji ba. Na bi matan ɗakin nan ɗaya bayan ɗaya da ido, har na daina gaisawa da biyu. Ko wane ne, ban yafe ba, Allah ya tona masa asiri yadda ya tona na yarinyar nan.

Goggonka

*

Kai,

Ba gaisuwa yau. Direba ya kawo wasiƙarka bayan ta gama yawon duniya a aljihun motarsa. A tsaye na karanta ta a bakin get, sai da na nemi dakali.

Ashe munafukin da nake tsine wa, ni na goya shi.

Ka ba ni ciki. Ka zauna a ɗaki mai sanyi da rigar sanyinka, ka dubi tsohuwa mai ciwon gwiwa ka ga ba za ta sa a yi tsit ba, sai ka ara mata ciki don a tafa maka. Wa ya aike ka? Matsalar ƙofa na kawo maka. Ƙofa ba ta isa ba ne? Mata cike da ɗaki suna dukan ƙarfe cikin hayaƙi bai isa abin tausayi ba sai an ƙara gishiri?

Kuma wane irin ɓoyewa ne wannan? Ka sauya ni, ka bar jar igiya. Kamfanin wanki nawa ne a duniya mai shugaba da makulli a jar igiyar takalmi? Ka rufe fuskar mutum ka bar lambar gidansa. Mai tabarau ya sha shayi da kai, ya tatse ka kamar saniya, ya taso ya zo neman yarinya mai kwantiragin wucin gadi da cikin fari. Ya nema kuma ya samu, don a ɗakin da mata matasa suka cika, in ka nemi mai ɓoye ciki ba za ka rasa ba. Wannan ko ni da ban yi kwas ba na sani.

Da ka bar ni yadda nake, da ni za su nema. Ni tabbatacciya ce, na daɗe, bakina kuma sun san shi. Da sun sha wuya kafin su taɓa ni. Kai ka ɗauke bugun daga kan mai iya ɗauka ka ɗora wa wadda ko tari ba ta yi da ƙarfi.

Matan nan biyu da na daina gaisarwa, gobe sai in je in ba su haƙuri. Ban san me zan ce musu ba.

Ka amsa mini, kuma kada ka ba direba.

*

Goggo,

Ina gaishe ki ko ba za ki amsa ba. Muna lafiya, in ban da ni da ban da sukuni tun da wasiƙunki biyu suka iso tare.

Wallahi ban san da yarinyar ba. Ta yaya zan sani? Ba ki taɓa ambatonta ba. Kuma Goggo, ke kika rubuta cewa in san yadda zan yi da shi. Ni na ɗauka izini kika ba ni. Ƙa'idar da aka koya mana na bi, aka ce a sauya kamanni na sauya. Mai tabarau kuma da muka gabatar da kanmu a aji cewa ya yi yana kamfanin hidimar otal-otal, bai ce wanki ba. Kin yi mini hukunci kamar da gangan na yi. Kuma ko ba komai ƙofar nan a buɗe take yau, in wuta ta sake tashi ba wadda za ta mutu a bayanta. Wannan ma a sa shi a ma'auni.

Amma akwai abin da ya kamata ki sani. Bayan ya yi fashin wasu kwanaki ya dawo aji, mun haɗu a wurin shayi, ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce, "Abokina, na gode. Ka raba mu da ciwon kai biyu, ƙofa da mai ciki." A lokacin ban gane ba, na ɗauka zolaya ce, har na taya shi dariya. Sai da na karanta wasiƙarki maganar ta dawo mini.

A doka wannan magana ita ce komai. Kamfani zai ce kwantiragi ne ya ƙare, kuma ba mai iya musa musu, sai in akwai wanda ya ji daga bakinsu cewa saboda cikin ne. Ni na ji.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. A harabar kwas ya faɗa, kuma na sa hannu cewa abin da aka faɗa a nan ba zai fita ba. In na karya, takardar shaidar kammala kwas ta tafi, kujerar da ake ajiye mini ta tafi, kuma kin san ina da iyali. Ki ba ni lokaci a gama kwas ɗin in karɓi takarda, ranar da ta shiga hannuna zan zo in faɗi abin da na ji a gaban ko wane ne. Wa'adin ƙarar zai matse, amma ina ganin za a iya kamo shi.

Kafin nan ki gaya mata kada ta sa hannu a kan komai. Ko me suka kawo mata, ko da wane daɗin baki, kada ta sa hannu.

Ɗanki

*

Ɗan Yayana,

Na ji kuna lafiya, madalla. Ni gwiwa ta kumbura saboda yawon da ka ja mini.

Da na ce ka san yadda za ka yi da shi, shawara nake nema, irin ta ɗa da uwa. Ban ce ka kai ni kasuwa ba. Amma bar wannan, magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Ka ce in gaya mata kada ta sa hannu. Ta wace ƙofa? Na je gidansu. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani dogon baranda, takalmanta na bakin ƙofa, labule na motsi, mijin ya fito ya ce tana barci. Na koma, ya ce ta fita, takalman na nan inda suke. Na ba shi saƙon, ya dube ni ya ce, "Inna, maganarki ta farko ma ba mu gama warkewa ba." Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ni ce maratayin.

Sai na yi abin da ya rage mini. Ran da mai tabarau ya zo zagaye, na bar injin na bi shi ofis na ce, "Ni ce. Ni na kai maganar ƙofa waje, yarinyar nan ba ta san komai ba. In kora ce ga ni." Na shirya wa faɗa, har na kwashe kayana daga lokar da nake ajiya. Ka san me ya yi? Kujera ya ja mini. Ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi. Ya ce, "Mama, ai godiya ya kamata mu yi miki. A nan ba a hukunta kowa don ya yi magana, haƙƙinki ne. Ita waccan kwantiraginta ne ya ƙare." Kalmominku ne a bakinsa tsaf, irin na wasiƙarka. Lallai kwas ɗin nan yana aiki, ya koya masa yadda ake yanka ba jini.

Na je ofishin ƙwadago. Wata mata mai kirki a tebur na ƙarshe ta saurare ni har na gama, ta ce maganata ji-ta-ji-ta ce, wanda ya ji da kunnensa ake so, kuma a yi sauri.

To kai ne mai kunnen. Kana ce mini ƙa'ida. Shi mai tabarau bai sa hannu a ƙa'idar ba ne? Ya ɗauki magana daga ɗakin ya yi tafiya da ita ya zo ya cinye mutum, ya koma ya zauna a kujerarsa yana shan shayi. Kai kuma kana rungume da ƙa'idar kamar jaririyarka. Ka ce kana ganin za a iya kamo wa'adi. Kai ka rubuta mini da hannunka cewa in ya wuce ya wuce. Cikin kuma ba ya jiran bikin ba da takarda, kullum gaba yake yi.

Kujerar sauraron koke kake so. Ga koke na farko ya zo maka tun ba ka zauna ba.

Goggonka

*

Ɗan Yayana,

Ina lafiya. Na san wasiƙata ta isa, don babarka ta ce ka kira ta kana cewa na matsa maka. Ban da abin ƙarawa. Ina dai sanar da kai cewa shirunka ma amsa ce, kuma na karanta ta.

Goggonka

*

Goggo,

Ina gaishe ki, ina fatan kumburin ya saɓe. Mu lafiya.

Na yi shiru ne don ban da abin faɗa da ba za ki yaga ba. Kullum in na shiga aji sai in ce yau zan sami Malama, in an tashi sai in bi ta ɗaya matakalar don kada mu haɗu. Maiɗakina ce ta gaji, ta ce in ba zan je ba in daina juyi ina hana ta sakat.

Jiya na je, ana saura kaɗan a rufe kwas. Na same ta tana haɗa takardu, na faɗa mata komai tun daga jar igiya har maganar wurin shayi. Na ce na san in na ba da shaida takardata ta tafi. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Wa ya gaya maka?" Na ce ƙa'idar da muka sa wa hannu. Ta ce, "An yi ƙa'idar nan ne don a kare masu labari, ba don a rufa wa wanda ya cuce su asiri ba. Da ka zo tun ranar da ka gane, da ni zan raka ka. Ba mai taɓa takardarka." Sannan ta tambaye ni yaushe na gane. Da na faɗa mata, sai ta ci gaba da haɗa takardunta.

Mai tabarau ba zai karɓi tasa takardar ba, kuma za ta rubuta wa kamfaninsu. Ni na rubuta shaidata na sa hannu, zan taho da ita da kaina ƙarshen mako. Na duba, wa'adi bai cika ba. Ki shirya yarinyar mu tafi ofishin tare.

Abu na ƙarshe. Malama ta ce abin da ya faru darasi ne da babu shi a littafi, tana so ta riƙa koyar da shi ga masu zuwa bayanmu, don kada wani ya sake irin kuskurena. Amma ta ce wannan karon sai da izininki, a rubuce.

Ɗanki

*

Ɗan Yayana,

Ina gaishe ka. Gwiwa ta saɓe. Ka ajiye kuɗin motarka, kada ka zo.

Ta sa hannu. Tun makon jiya, lokacin da kake bin ɗaya matakalar. Sun aika mata har gida, suka ce za su ba ta takardar yabo ta neman wani aiki, kuma za ta haihu a asibitin da kamfani ke hulɗa da shi, ita kuma ta rubuta cewa da kanta ta bar aiki, ba ta da ƙorafi a kan kowa. Mijin ne ya gaya mini a baranda. Ya ce me za su yi, haihuwa ta matso, ba wanda ya zo musu da wani abu sai su.

Duk da haka na ɗauki wasiƙunka na koma gidansu. Matar ofishin ƙwadago ta ce ko an sa hannu ana iya gwadawa, in mai abin ta yarda ta tsaya. Na zauna a bakin ƙofar, kusa da takalmanta, na karanta mata su da ƙarfi ta bayan labule, tun daga inda ka cire mini gwiwa har inda Malamarka ta ce ba mai taɓa takardarka. Maƙwabta na leƙe, ban damu ba.

Da na gama ta ɗaga labulen. Rabona da fuskarta tun ranar da ta fita. Ta yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura. Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni, da na ji daɗi. Sai ta ce, "Wato Inna, ba ma ni ake nufi ba." Na ce a'a. Ta ce, "Shi ɗan naki bai ma san ina duniya ba." Na ce bai sani ba. Ta jinjina kai, ta ce ta yarda ban ci amanarta ba, in yafe mata zargin da ta yi mini. Na ce to mu je ofishin. Ta ce, "Ki bar ni in haihu lafiya. Na gaji da zama labarin mutane." Ta saki labulen.

Ka ga har wanke ni an yi, amma ban ji sanyi ba. Da tsoronka na da dalili, da na ce ɗana ya zaɓi iyalinsa, in haɗiye. Ashe ba abin da za ka rasa. Tambaya ɗaya ce tsakaninka da aikin yarinyar nan, hawa ɗaya na matakala, ka kasa. Wannan ne ba zan iya haɗiyewa ba tukuna, kuma kada ka aiko babarka ta ba ni baki.

Ƙofa na nan a buɗe, iska na shigowa, matan ɗakinmu kullum sai sun sa wa wanda ya yi sanadi albarka. Ni dai sai in ci gaba da gugata. Sabuwar da aka haɗa ni da ita ba ta iya kama bakin zane ba, kullum sai ya shiga injin a karkace mu sake.

Ka karɓi takardarka, ka hau kujerar. Ban ce kada ka hau ba. Mutane za su zo maka da kokensu, ka karɓe shi yadda suka kawo shi.

Malamarka kuma tana son izini a rubuce, to ga shi. Ta koyar da rabona, ban da na yarinyar, ita ta ce ta gaji. A ce wata tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da bakin tsiya, mai aikin guga, ta rubuta wa ɗan ɗan'uwanta wasiƙa a kan ƙofa. A bar ni da shekaruna da gwiwata. Kada a sake ara wa kowa ciki.

Goggonka